'Yar Gobe da Katin Gwaggo Dije

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ki, babbar 'yata. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, kin huce gajiyar mota, kin tarar da mutanen masaukinki lafiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin baki, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Na cusa wannan takarda ne a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don na san hannunki ba zai kai wurin ba sai kin isa Kano. Kin san halina. Abin da zan faɗa miki ba zan iya faɗinsa ina kallon idonki ba. Karatuna a firamare ya tsaya, in kin ga kuskure a rubutun ki wuce shi.

Na ga ranki ya ɓaci makon jiya da aka sake ɗage ranar fara aikinku. Kin ce sau biyu ke nan, kwamfutocin da za ku kai asibitocin ƙauyuka suna jibge a sito, kuma ke za a riƙa turawa ki yi wa mutane bayani. Kina ta faɗa ina tankaɗe, ban ce miki komai ba. Ba rashin abin cewa ba ne. Ni ma na taɓa yin irin aikin nan, kuma a nan na samo sunan da tsofaffin garinmu Kara suke kirana da shi, wato 'Yar Gobe. Kin tambaye ni dalilinsa sau ɗaya kina ƙarama, na aike ki ɗauko muciya. Yau zan ba ki amsa.

Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ne, ana cikin matsi, fetur sai an yini a layi, taki kuwa sai wane da wane. Gwamnati ta ce za a yi wa kowa katin shaida da na'ura, a ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa. Magidantan Kara suka ce sun ji sun yarda, amma babu namijin da zai kama hannun matansu ya dangwala, ko ya ce musu su ɗaga kai su kalle shi. Sai aka shiga neman yarinyar da ta iya karatu da rubutu. Malam Sabo, hedimastanmu, shi aka ba shugabancin aikin a yankinmu. Ya zo zauren kakanki ya ce ni yake so. Ban fi shekara goma sha biyar ba, kuma ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Kakanki ya ce, "Malam, wannan da ko sallama sai an kasa kunne?" Malam Sabo ya ce, "Rubutunta ya fi muryarta ƙarfi." Haka na zama ma'aikaciya.

Aka kai mu Gwarzo aka koya mana cika fom kwana biyu. Aka nuna mana jadawalin da aka tsaro daga birni: na'ura ɗaya ce, za ta yi kwana uku a Kara, daga nan a ɗauke ta a kai Dugabau a ƙasar Kabo, sannan ta dawo garin Jama'a. Aikina na farko shi ne in bi gida gida in gaya wa mata ranar.

Ranar ta zo, na'ura ba ta zo ba. Mata sun yi girki da wuri, sun yi wanka, wasu sun aro mayafi don hoto, suka cika gindin darbejiyar makaranta. Da la'asar Malam Sabo ya dawo daga Gwarzo a babur ɗinsa ya ce mini, "Rabi, ki sallame su. Ana sa ran gobe, amma babu tabbas." Na tsaya gaban matan nan, duk iyayena da kakannina, idanunsu a kaina, sai maganar ta yi mini tsawo. Na yanke ta. Na ce, "An ce gobe." Kalma ɗaya ta fi sauƙin fita daga bakin mai kunya.

A cikinsu akwai Gwaggo Dije. Tsohuwa ce daga rugar da ke tsallaken rafi, mutanenta sun daɗe da zama suna noma, 'yan shanu kaɗan suka rage musu. Tana dogara sanda, idonta ɗaya ya fara yana. 'Yarta tana aure a kurmi, shekara da shekaru ba su ga juna ba, kuma an gaya mata duk wanda ba shi da kati za a sauke shi daga mota a hanya. Katin nan shi ne hanyar ganin 'yarta kafin ɗaya idon ya bi ɗan'uwansa. Ta zo washegari tun hantsi, babu na'ura, na sake cewa gobe. Ta zo rana ta uku. Da na buɗe baki sai ta ɗaga mini hannu ta ce, "Bar shi, 'yar nan, na riga ki. Gobe." Mata suka yi dariya. Ta miƙe da ƙyar ta ce, "Ƙafafuna biyu ne, kuma ba sababbi ba ne. Idan goben taki ta haihu, ki aiko mini da goron suna." Daga ranar sunan ya bi ni.

Na'urar sai da ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta zo ba. Jinkirin ba laifina ba ne, ban ma san inda ta maƙale ba. Laifina shi ne na cire "babu tabbas" daga maganar Malam. Don haka ki ji ni. Idan an ba ki saƙo mai kai da wutsiya, ki kai shi da wutsiyarsa. Idan ba ki san rana ba, ki ce ba ki sani ba, ki faɗi abin da ake jira, ki faɗi ta wace hanya za su ji labari idan ya samu. Mutanenmu sun iya haƙuri, sun jira ruwan sama, sun jira taki. Abin da ba sa yafewa shi ne a sa su yin wanka da aron mayafi a banza. Duk goben da kika faɗa, akwai wata mai sanda da za ta tsallako rafi saboda ita.

Kuskurena na biyu ya girmi na farko, don tun a Gwarzo na yi shi. Ranar da aka raba mana fom na karanta shi na ga wurin da aka rubuta sunan miji, da wurin sunan magaji. Nan take na san za a sha wuya. Wace matar Kara ce za ta buɗe baki a bainar jama'a ta ambaci sunan mijinta, ko na ɗanta na fari? Mai koyar da mu ya tambaya, "Akwai mai tambaya?" Har sau biyu. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabina. Na ce a raina manyan da suka tsara abin sun fi ni sani.

Da na'ura ta zo, ta zo da mai sarrafa ta, wani ɗan birni mai suna Isiyaku, mai barkwanci, da ƙaramin janareta da fetur galan ɗaya na kowace rana. Aka rataya labule a aji ɗaya, mata a ciki da ni, shi yana waje da kwamfuta, ina karɓar bayani ina miƙa masa. Ɓangaren maza ya tafi kamar ruwa. Namu ya tsaya cik a kan mace ta farko.

Na ce, "Inna, sunan maigidanki?"

Ta ce, "Haba Rabi. Yau kika fara ganinsa?"

Na ce, "Na san shi da Na-Allah, amma sunan yanka ake so."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Sunan limamin da ya rasu ne."

"Wanne? Biyu suka rasu."

"Dogon."

Isiyaku ya ce daga bayan labule, "Hajiya, fetur ne yake ƙonewa, ke kuma kina mana kacici-kacici. Ko mu rubuta Dogon Liman Marigayi?" Wata tsohuwa ta ce masa, "Kai ɗan birni, uwarka tana kiran ubanka da sunansa?" Ya ce, "A'a, Baba, Alhaji take cewa, sai in sun yi faɗa." Aji ya kaure da dariya, janareta yana ta ci. Da muka wuce sunan miji muka faɗa sunan ɗan fari, da muka wuce shi muka faɗa shekaru, wannan ta ce shekarar da fara ta cinye gonaki, waccan ta ce ita da wance aka yaye su tare. Mutanen birni sun lissafa lokacin da na'ura take ɗauka ta yi hoto. Ba su lissafa lokacin da mace take ɗauka ta kauce wa suna ba. Kafin azahar fetur ya ƙare, ba mu yi ko rubu'in matan da ke layi ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ranar nan ta Gwarzo ni ce mai ɗakin, duk da ni ce ƙarama a wurin. Ke ma za ki zauna da masu manyan takardu, su shimfiɗa jadawali mai kyau, ki hango ramin da ba su gani ba don ba su taɓa kwana a ƙauye ba. Wataƙila sun sa aiki ranar kasuwa, wataƙila sun manta unguwarzoma ba ta karatun boko. Ki faɗa tun takardar tana kan tebur. A nan gyara da biro ake yinsa. Idan an fita fili, da fetur da ƙafafun mutane ake biya.

Na uku shi ne wanda har yau nake istigfari a kansa. Da yammacin rana ta biyu Malam Sabo ya tambaye ni, "Mata nawa suka rage?" Na ji kamar idan na faɗi gaskiya za a ce ni ce ban iya aiki ba, a ce dama an faɗa, yarinya ce. Na ce, "Kaɗan ne, Malam." Ya ce alhamdu lillahi, ya rubuta a rahotonsa, ya aika wa masu aikin Kabo cewa su zo su ɗauki na'ura jibi da safe. Alhali fiye da rabin matan gari ba a yi musu ba, matan tsallaken rafi kuwa ko ɗaya ba ta zo ba. Na aika musu cewa na'ura ta iso, Gwaggo Dije ta ce wa ɗan aiken, "Wa ya faɗa? 'Yar Gobe? To, a gaishe ta."

Rana ta uku da asuba ruwan shuka ya sauka. Gari ya watse, maza duk suka nufi gona. Na zauna a ajin nan ina jin ƙamshin ƙasa, ina lissafin cewa gobe war haka na'ura tana Dugabau, kuma babu wanda ya san ranar da za ta sake waiwayar Kara. Gwaggo Dije ta tako sau uku lokacin da babu komai, yanzu da akwai komai ba za ta zo ba, kuma bakina ne ya jawo.

Malam Sabo yana bakin ofishinsa yana goge babur. Na je na durƙusa nesa da shi. Na gaishe shi, na sake gaishe shi, har ya ce, "Rabi, in gaisuwa ce na amsa." Sai na faɗa masa duka, idona a ƙasa. Na faɗi goben da na yanke, da fom ɗin da na gani na yi shiru, da kaɗan ɗin da ba kaɗan ba ne. Ya ajiye tsumman hannunsa. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Me ya hana ki faɗa?" Na ce, "Kunya." Ya ce, "Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Amma ni na sa hannu a takarda na ce an kusa gamawa. Kunyarki ta sa ni ƙarya ban sani ba." Sannan ya ce, "To, ke da kika san matan, yaya za a yi su faɗi sunan?"

Wannan ne karo na farko da babba ya tambaye ni shawara. Na ce ba za su faɗa ba har abada, amma kowace mace tana faɗin sunan mijin maƙwabciyarta ba tare da wata damuwa ba. In an bar ni in bi gidaje da fom, in haɗa su biyu biyu, wannan ta faɗi na waccan, to za a gama rubutu a tsakar gida ba a ƙona fetur ko ɗigo ba. Sai a kunna inji don hoto da yatsa kaɗai.

Ki lura da abin da ya yi, don shi ne aikin da za ki yi. Bai tsaya neman wanda za a ɗora wa laifi ba, bai kuma riƙe na'urar da ƙarfi ya bar mutanen Dugabau suna jira a gindin bishiya kamar yadda na bar namu ba. Ya hau babur cikin taɓo ya tafi Kabo da kansa, ya sami takwaransa ya ce rahoton da ya aiko ba daidai ba ne. Ya ce masa ruwan da ya sauka a Kara ya sauka a Dugabau, mazansu ma suna gona, ko an kai na'ura gobe zaman banza za ta yi. Suka zauna suka sake jadawalin: Kara ta ƙara kwana huɗu, mata da safe lokacin da maza suke gona, maza bayan la'asar. Na Kabo su fara cika fom a gidaje tun yanzu, yadda in na'ura ta je ba za ta daɗe ba. Suka aika Jama'a cewa ranarsu ta matsa, da dalilin matsawar. Suka kuma yi alkawari ba za a sake yin shelar rana ba sai mai shelar ya ga na'ura da idonsa.

Da ya dawo ya ce, "Saura tsallaken rafi. Wannan ba aikin babur ba ne, naki ne."

Na tafi da rakiyar yayar kakanki. Rafi ya kawo ruwa har gwiwa. Muka sami Gwaggo Dije a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ruwa, ta sa aka kawo mana fura. Sannan ta ce, "'Yar Gobe, goron sunan kika kawo?"

Na ce, "Gwaggo, na zo in ce miki ranar da na ce gobe ban sani ba. Malam ya ce babu tabbas, ni na cire."

Ta juyo da idonta mai gani ta dube ni. "Yau fa, kin sani?"

Na ce, "Na'ura tana makaranta, na taɓa ta da hannuna da safen nan. Za ta kwana uku nan gaba. Abin da ban sani ba shi ne ranar da katin kansa zai fito. Takardar shaida kawai za a ba ki."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Wannan maganar tana da ƙafafu. Waccan ba ta da su." Ta kira maƙwabciyarta ta zo ta faɗi sunan marigayi mijin Gwaggo, ita kuma Gwaggo ta toshe kunne tana dariya, na rubuta.

Washegari jikanta ya ɗauko ta a amalanken shanu, matan rugar suna biye. Da na gyara mata zama gaban kyamara na ce ta ɗaga kai, ta ce, "Ki ce wa ɗan birnin ya ɗauki idon mai kyau." Isiyaku ya ce, "Baba, duka biyun gwamnati take so." Na kama babban yatsanta na dangwala. Hannunta kaushi kamar bawon kuka. Bayan girbi ta ƙulle takardar shaidar a bakin zane ta shiga mota zuwa kurmi, ta yi wata biyu wurin 'yarta. Da ta dawo na je gaishe ta na ce, "An tambaye ki takardar a hanya?" Ta ce, "Ko mutum ɗaya. Amma da babu ita a jikina da ban shiga motar ba." Ta ce in katin ya fito in riƙe mata, ita ta gama abin da za ta yi da shi.

Katin bai fito ba sai bayan damina biyu, lokacin ta rasu. Allah Ya jiƙanta. Na kai wa jikanta ya ce ai amanar ni ta ba wa.

Aikinku zai yi jinkiri, wannan kam ki sa a ranki. Kaya za su maƙale, wuta za ta ɗauke, wanda ya kamata ya sa hannu zai yi tafiya. Kada ki ɗauki sake tsari a matsayin faɗuwa. Manomi ma in ruwa ya yi latti yakan canza iri. Ki faɗi abin da ya rage yadda yake, ko da ke za a harara. Idan za ki matsar da ranar wasu, ki je ki gaya musu da dalilinta kafin su yi wanka. Idan kuma kin ga wata ƙaramar ma'aikaciya a lungu tana wasa da bakin hijabi, ki matsa kusa da ita ki tambaye ta a hankali, don wataƙila ita ce ta san inda ɗakin yake yoyo.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ita ce kaɗai ba a ɗagewa. Ki ci abinci. Ki gaishe da matar kawunki, ki taya ta aiki ko ba ta ce ba. Sunanki da kika gani a bayan ambulan ƙanwarki ce ta rubuta. Ni da na sha wuyar matan da ba sa faɗin suna, ga shi na zama ɗaya daga cikinsu.

Ki duba cikin ambulan ɗin, katin Gwaggo Dije yana nan na naɗe shi a ƙyalle. Ki ajiye shi a inda kike ajiye jadawalinki. Duk ranar da bakinki ya ɗauko gobe alhali ba ki da tabbas, ki fara duba fuskarta. Amana ce, in kin zo hutun Sallah ki dawo mini da shi.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Allah Ya sa gaskiya ta yi miki sauƙin faɗa fiye da yadda ta yi mini. Ya tsare gabanki da bayanki, Ya yi miki albarka.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarki, daga Kara.